Wayifai a Zauren Baba: Littafin Aikinmu na Mabera

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka buɗe zauren gidanmu da ke unguwar Mabera a birnin Sakkwato, wanda yake rufe tun rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Ni da ƙanena muka fitar da tsofaffin buhuna da karyayyen benci, muka share, muka shimfiɗa tabarmi biyu. Mai walda ya zo ya auna kwanon rufi inda za a ɗora farantan sola. Kayan aikin ba su da yawa: na'urar wayifai ɗaya, faranti biyu, batir, da jerin soket na cajin waya. Nufina mutanen layinmu su samu inda za su hau intanet ba sai sun sayi data ba. Layin namu ya cika da baƙi a 'yan shekarun nan, yawancinsu daga gabashin jiha, Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, waɗanda ɓarayin daji suka raba da gonakinsu.

Tunanin wannan aiki ya samo asali ne tun watan Satumban 2021, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, bayan an fara yin hakan a Zamfara a farkon watan. An yi ne don a toshe wa ɓarayi hanyar magana da masu kai musu rahoto, kuma ban ga laifin niyyar ba. Sai dai a lokacin ƙanwar mahaifiyarmu tana can gabas, kuma na ga abin da shiru ya yi wa Inna. Ta daina cin abincin kirki. Duk motar da ta shigo tasha daga wancan ɓangaren sai ta aike mu mu tambayi direba. Da aka kai hari kasuwar Goronyo a watan Oktoba, kwana biyu muka yi ba mu san halin da namu suke ciki ba, har sai da wani ɗan uwa ya taka zuwa kusa da iyaka ya kira mu da layin Nijar. Tun daga ranar na daina ɗaukar sabis a matsayin kayan ƙawa.

Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya a nan, da abin da na gani a fuskokin mutane, domin abin da nake son sani ke nan: wanda ya samu intanet, hankalinsa yana ƙara kwanciya ne ko tashi yake yi?

Asabar, 25 ga Janairu

An ɗora farantai. Hazo ya yi kauri a makon nan, kullum da safe sai ƙanena ya hau ya goge ƙura, in ba haka ba batir ba ya cika.

Ranar Litinin da ta wuce hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Lissafin da na yi na kuɗin wata ya rushe. Na kai maganar gaban mai unguwa da liman bayan sallar Isha'i, aka yarda a ajiye asusu a bakin ƙofa, mai hali ya jefa abin da ya sawwaƙa, marar hali ya shiga ba wanda zai dube shi. Liman ya kafa sharaɗi guda: da an kira salla a kashe na'ura. Na karɓa da hannu biyu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun buɗe tun ranar Litinin. Samari ne suka fara cika wurin, sai magidanta suka biyo baya da yamma.

Akwai wani bincike da ya fito a watan Mayun 2024 wanda ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Masana biyu ne suka yi shi, Matti Vuorre da Andrew Przybylski, masu aiki da cibiyar nazarin intanet ta Jami'ar Oxford a Ingila. Sun duba amsoshin mutum sama da miliyan 2 daga ƙasashe 168, waɗanda kamfanin Gallup mai jin ra'ayin jama'a ya tattara cikin shekaru da dama tun daga 2006. Sun juya lissafin ta hanyoyi dubbai, kuma a kusan kashi 85 cikin ɗari na hanyoyin, masu intanet sun fi marasa shi nuna gamsuwa da rayuwa. Su da kansu sun ce wannan bai tabbatar da cewa intanet ne ya jawo farin cikin ba. Gaskiyarsu. Ko a nan Sakkwato, mai babbar waya da data galibi shi ne mai abincin dare a gida, to wanne ne ya faranta masa rai, wayar ko tuwon?

Na ce bari in ari tambayarsu in gwada a zaure. Ɗaya daga cikin tambayoyin Gallup ita ce a ce wa mutum ya ɗauka rayuwa tsani ce mai matakala daga sifiri zuwa 10, ya faɗi inda yake tsaye. Na sayi littafi mai layi, na fara da wani dattijo ɗan Isa, wanda na san an kashe masa ɗa, an kore masa shanu, yanzu yana gadi a wani kango. Na ce, "Baba, a kan wace matakala kake?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, sai godiya. Wanda ya kwana lahiya ya tashi lahiya, mi zai ce?" Na sake tambaya, ya ce goma. Mutum bakwai na tambaya a ranar, shida suka ce goma ko suka ce alhamdulillahi suka yi shiru. Ba ƙarya suke yi ba. A wurinmu auna ni'imar Allah da lamba, balle a ba ta maki kaɗan, abu ne mai kama da butulci, kuma kunya ba za ta bar dattijo ya yi wa sa'an ɗansa ƙorafin rayuwa ba.

Na soke tsani. Daga yau tambaya uku zan riƙa yi, biyun ƙarshe ma akwai irinsu a tambayoyin Gallup ɗin: me ka zo yi, jiya ka samu barci, kuma yau ka yi dariya? Waɗannan mutum zai amsa su ba tare da ya ji ya yi wa Ubangijinsa rashin ladabi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mako biyu babu mace ko ɗaya da ta taka zauren, kuma laifin tsarina ne. Wace matar aure ce za ta kutsa cikin samari ta zauna? Yayata ce ta warware matsalar. Ta ce, "Ka ba ni daga ƙarfe goma zuwa Azahar, ka rufe ƙofar waje, ka buɗe ta cikin gida, kai kuma kada in ga ƙeyarka." Haka aka yi. Ta ce ai mata koya wa mata ba baƙon abu ba ne a garin nan, tun zamanin Nana Asma'u jajis, wato malamai mata da ta horar, suke fita ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata da ake kira 'yan taru. Yanzu littafin mata yana hannunta, da dare take karanta mini abin da ta rubuta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yawancin matan ba sa karanta boko. Wasu suna karanta ajami, wasu Alƙur'ani kaɗai. Da intanet rubutu ne zalla da ba su da rabo a ciki. Saƙon murya na WhatsApp ne ya buɗe musu ƙofa: danna, yi magana, saki. Yayata ta ce cikin kwana ɗaya tsofaffi suka iya.

Akwai wata Goggo 'yar Sabon Birni da ɗanta ya tafi neman kuɗi ta hanyar Agadas, shekara biyu ke nan. Lambarsa tana rubuce a wata takarda da ta ƙulle a bakin zane, amma kiran ƙasar waje ya fi ƙarfinta. Yayata ta sa lambar a wayarta, sai ga hotonsa ya fito. Goggo ta yi sallama, ta ambaci sunansa, ta kasa ci gaba, aka tura haka nan. Washegari amsa ta zo, murya ta kusan minti huɗu. Yayata ta ce sau biyar Goggo ta sa aka maimaita mata, tana riƙe da wayar da hannu biyu. Da aka tambaye ta ko ta samu barci, sai ta ce, "Ɗiyata, tun da munka baro gida ban yi barci irin na jiya ba. Na ji muryatai." Yaron bai turo ko sisi ba, bai kuma ce ga ranar dawowa ba. Murya ce kawai.

Wata bazawara mai haɗa turaren wuta da humra ta fara ɗora hoton kayanta, har an yi mata ciniki daga Arkilla da Runjin Sambo, an turo kuɗi ta hannun mai POS na bakin titi.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya cika mako guda, ranar 1 ga wata muka ɗauka bayan sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Da rana zaure shiru, masu sauraren tafsiri ne kawai. Bayan Asham kuwa sai ya cika maƙil.

Ranar Laraba abin da nake tsoro ya faru. Wani bidiyo ya shigo wani guruf na 'yan garinsu, gawarwaki a jere, an rubuta sunan wani ƙauye a ƙasa. Wani yaro ya kai wa uwarsa cikin gida ya nuna mata. Ƙauyen iyayenta ne. Matar ta yanke jiki ta faɗi, da azumi a bakinta. Sai bayan Magariba aka samu wani ɗan uwanta a waya, ya ce lafiya lau suke, ba abin da ya faru a makon nan. Ƙanena ya bi sawun bidiyon ya gano tsoho ne, ya daɗe yana yawo, kowane lokaci da sunan garin da ake liƙa masa. Duk da haka kwana uku matar tana amsa wa yayata cewa ba ta runtsa ba. Ta ce da ta rufe ido fuskokin take gani, kuma ko ba nata ba ne, ai na wasu ne.

Na kwana ina juya abin. Na'urar da na ɗora da hannuna ita ta shigo da wannan tashin hankali cikin gidan mutane. Bayan sallar Juma'a na tara samarin, liman ya karanta musu ayar Suratul Hujurat da ta ce idan fasiƙi ya zo da labari a bincika. Muka yi yarjejeniya: ba a buɗe bidiyon gawa a zauren nan, ba a tura shi daga nan, kuma duk labarin hari sai an kira mutumin garin an ji daga bakinsa kafin a kai wa iyaye mata. Wani saurayi ya ce, "Malam, in mun ɓoye ai kamar mun rufa wa azzalumai asiri ne." Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Na ce masa a faɗi labari, a faɗi suna da rana da adadi in an tabbatar, amma gawar Musulmi tana da alfarma, kuma zuciyar uwa ba allon talla ba ce.

Na kuma mayar da lokacin rufewa ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Samari da yawa sun amsa mini cewa ba sa barci sai bayan sahur, kuma ba ibada ce ta hana su ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Batir ya mutu. Zafin bana ya haura digiri 40, kuma na yi kuskuren ajiye shi a lungun da iska ba ta shiga. Kwana shida muna rufe. Samari sun koma sayen data da 'yan canjinsu, ba su damu sosai ba. Tsofaffi da mata ne suka yi ta aiko yara suna tambaya yaushe za a gyara. Ya tuna mini da 14 ga Maris na bara, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka tsaya, masu POS suka naɗe hannu. Igiya ta tsinke a cikin teku, mai sayar da albasa a kasuwar Sakkwato ya kasa karɓar kuɗinsa.

Asusu ya biya rabin kuɗin sabon batir, kawuna ya cika sauran. An yi masa akwatin katako mai ramuka, an ɗaga shi daga ƙasa.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Sallah. Layi aka yi na kiran bidiyo, kowa minti biyar. Dattijon nan mai gadi ya ga jikarsa da aka haifa a Legas karo na farko, ya yi ta kiran ta da amaryata yana dariya har hularsa ta faɗi. Shafin jiya na littafi, duk wanda na tambaya ya ce ya yi dariya.

Asabar, 19 ga Afrilu

Jarabawar JAMB ta ƙarato, kuma da kwamfuta ake rubuta ta. Da yawa daga yaran layinmu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Na kawo tsohuwar kwamfutata ta cinya, suna gwajin tambayoyi bi da bi, maza da yamma, mata da safe. Wata yarinya da ke son karatun jinya ta ce da farko hannunta rawa yake yi, yanzu tana gama gwaji da sauran lokaci. Tsoro ne ya ragu, kuma ina lissafa raguwar tsoro cikin jin daɗin rai.

Abu biyu kuma sun dame ni. Na farko wani yaro mai gyaran babur, wanda na lura kullum da yamma yana zaune a kusurwa, fuska a murtuke, yana kallon sakamakon ƙwallo. Ashe caca yake yi. Ya cinye kuɗin adashen uwarsa, ya ci bashi a wata manhajar lamuni, su kuma suka fara tura wa mutanen da ke cikin wayarsa saƙon cin mutunci. Da kansa ya same ni bayan kowa ya watse, ya ce, "Malam, in Baba ya ji, na mutu." Na raka shi wurin kawunsa, aka tsara yadda zai biya a hankali. Ƙanena ya toshe shafukan caca a na'urarmu. Na san zai iya shiga da datarsa in ya so, amma ba da wutar zauren Baba ba.

Na biyu ya fi wuyar kamawa. Yayata ta ce akwai 'yan mata uku da suke zuwa da fara'a su tafi a sanyaye. Ba abin banza suke kallo ba. Hotunan biki ne a Instagram da TikTok: akwatunan lefe jere, ɗakin amarya, gwala-gwalai, fata fes babu tabo. Ɗayarsu an sa ranarta bayan Babbar Sallah, a da tana murna da kayan ɗakin da ubanta ya haɗa da guminsa, yanzu ta ce kunya take ji ƙawaye su gani. Har ta fara tambayar man bilicin. Abin da ya ba ni mamaki, a binciken Oxford ɗin nan, 'yan wuraren da aka samu sakamako marar kyau sun fi taruwa ne a kan mata masu shekara 15 zuwa 24, musamman yadda suke kallon al'ummar da suke zaune a cikinta. Ga shi na gani da idona a Mabera.

Wannan ba abin toshewa ba ne, don ba haramun suka kalla ba. Yayata ta zaunar da su ta nuna musu yadda ake yi: ta ɗauki hoton kanta, ta sa masa tacewar da ke goge fuska, ta nuna musu kafin da bayan. Ta gaya musu abin da duk matan gari suka sani, cewa akwai kayan da ake arowa ko a yi haya don hoto kawai, a mayar washegari. Sun yi dariya. Ko dariyar ta kai zuci, lokaci ne zai nuna.

Asabar, 10 ga Mayu

Na zauna da littattafan biyu, nawa da na yayata, na bi su shafi shafi. Wata uku ne kawai, layi ɗaya ne a unguwa ɗaya, ba zan kira shi bincike ba. Amma akwai abin da yake ta maimaita kansa har na kasa kau da kai.

Wanda ya shigo da buƙata a hannu, zai gaida wani, zai tura kuɗi, zai tambayi farashin albasa ko gero kafin ya kai kaya kasuwa, zai yi gwajin jarabawa, zai ji karatun malaminsa, yakan gama cikin ɗan lokaci ya tashi, kuma shi ne mai cewa ya yi barci ya yi dariya. Wanda ya shigo don zaman gida ya ishe shi, ba aiki ba makaranta, shi ne mai daɗewa, yatsa na ta jan allo, kuma shi ne mai fita da jajayen idanu. Da farko na ɗauka wayar ce ke sa su baƙin ciki. Yanzu na fi karkata ga cewa da damuwarsu suke shigowa, wayar ta riƙe su a cikinta. Saurayin da ya gama sakandare shekara huɗu ba abin yi, ko an kashe wayifai ba zai koma gida da murna ba.

Waɗanda suka fi kowa amfana kuwa su ne waɗanda aka raba da nasu: Goggo da ɗanta, dattijo da jikarsa, matan da mazansu ke ci-rani a Kudu. Mu mutane ne masu zumunci da ƙafa, a je suna, a je gaisuwar rasuwa, a je duba marar lafiya. Rashin tsaro ya sare wannan ƙafar, hanyoyin gabas ba sa biyuwa yadda aka saba. Saƙon murya bai kai zuwa da kai ba, amma ya fi shiru nesa ba kusa ba, kuma ni na san abin da shiru ya yi wa Inna.

Saboda haka na canza tsari. Awa ɗaya ga kowa, sai mai karatu ko mai sana'a a ƙara masa. Samarin da suka fi daɗewa kuma na ba su aiki: su ne za su riƙa taimaka wa tsofaffi tura saƙo da duba kuɗi. Biyu sun karɓa, ɗaya ya yi fushi ya daina zuwa. Zan je gidansu gobe.

Asabar, 14 ga Yuni

Iskar farkon damina ta ɗaga faranti ɗaya, Allah ya taƙaita bai fashe ba, mai walda ya ƙara masa ƙarfe. An ɗaura auren yarinyar nan bayan Sallah, yayata ta je kai amarya, ta ce ɗaki ya yi kyau kuma amarya da kanta ta ɗauki hotonsa. Yaron da ya yi fushi ya dawo, shi ke riƙe da makullin safe yanzu. Mai gyaran babur ya biya rabin bashinsa.

Goggo ta zo jiya da wata buƙata sabuwa. Ɗanta ya ce zai turo kuɗi, amma ba ta da asusun banki, ba ta da lambar NIN, takardunta duk sun ƙone a can gida. Yayata ta bincika ta samu mata tara masu irin wannan matsala a cikin masu zuwa zaure. Ranar Litinin da safe za mu ɗauki Keke Napep biyu mu kai rukunin farko wurin rajista. Na ce kowacce ta karya kumallo kafin mu fita, ta riƙo ruwa, don layin yana da tsawo.